Wahaka, birnin da kasuwanni suka kewaye

A kudancin ƙasar Meksiko, cikin wani kwari da duwatsu suka yi wa zobe, nan birnin Wahaka yake. Baƙon da ya sauka shi kaɗai, idan ya riƙe ranakun cin kasuwa, ba ya buƙatar ɗan rakiya. Etla na ci ran Laraba, Zacila Alhamis, Okotlan Juma'a. Lahadi kuwa ta Tlakolula ce, tafiyar kamar kilomita 30, inda matan ƙabilar Zafotek ke kasa barkono, masara da tukwane.

A kan wannan hanya, a garin Tule, akwai wata itaciya wadda kewayen gindinta ya zarce mita 40. Gaba kaɗan, masaƙan Teyotitlan na rina zaren ulu da baba, da wani ƙwaro mai ba da jan launi.

Ranar da ta rage, sai ya hau tudun Monte Alban, kufan birnin Zafotek da aka kafa wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Amma motocin haya na ƙaranci da faɗuwar rana. Wanda ya yi nawa, kwanan ƙauye ya kama shi.