Agogon Ingila da alfijir ɗin Minna



A azumin 2024 ne wannan magana ta shigo gidanmu. Muna da yaro da ke aiki a Ingila, kullum mahaifiyarsa kan kira shi bayan ya sha ruwa. Ranar Lahadi 31 ga Maris ta same shi yana mita, wai an sace masa awa ɗaya. Jiya ya sha ruwa wajen ƙarfe 6 da rabi, yau agogo ya ce 7 da rabi. Rana ba ta sake tafiyarta ba, hukuma ce ta tura agogon ƙasar gaba. Lokacin fita aiki ya matso, ɗan barcin da yake samu bayan sahur ya tafi.

Haka suke yi duk shekara. Lahadin ƙarshe na Maris a tura agogo gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe na Oktoba a dawo da shi. Shi ya sa fiye da rabin shekara lokacinmu ɗaya da Landan, sauran kuma muna gabansu da awa guda. Jamus ce ta fara abin a ƙasa baki ɗaya a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, don tsimin kwal. Moroko kuwa, in azumi ya zo, takan mayar da agogonta baya. Mu a Nijeriya ba mu taɓa namu.

To, da muka ba da labarin a shagonmu na Kasuwar Kure, dariya aka yi ta yi: Turawa da ɗora wa kai wahala! Da mu aka yi dariyar. Sai a goman ƙarshe na azumin nan wani dattijo, maƙwabcinmu, ya tsaya bayan Asuba, jikinsa a sanyaye. Ya ce, "Liman, tun daren farko na sa wayata ta riƙa ƙara 5 da rabi, a nan nake ajiye kofi. Yau ina cikin shan koko na ji ladan ya kira salla." Muka lissafa tare. Daga farkon watan zuwa lokacin, alfijir ya matso da kusan kwata, shi kuwa yana nan kan lokacinsa na farko. Muka gaya masa abin da muka karanta a fiƙihun Malikiyya: kwanakin da ya ci bayan ketowar alfijir sai ya rama su. Wallahi mun ji nauyin faɗin haka, don laifin har da namu. Takardar lokutan salla da ke manne a bangon masallaci ta koɗe, ba wanda ya sabunta ta.

Ka ga ashe mu ma muna da namu canjin, sai dai a hankali yake zuwa. A nan Minna, ƙarshen Janairu rana kan fito 7 saura kaɗan, ƙarshen Mayu kuwa wajen 6 da kwata. Magariba a Nuwamba takan yi 6 da 'yan mintoci, a Yuli sai ta kusa 7. Amma duk ranar da muka matsar da Asuba da minti 5, sai gunaguni ya tashi: "Liman ya cika sauye-sauye, yaushe mutum zai saba?" Mun san akwai takura. Mai shayi da mai ƙosai da uwar gida mai ɗora tukunya, kowa sai ya sake tsarin barcinsa. Sai dai salla da azumi da rana aka ɗaure su, agogo ɗan aike ne kawai.

Yanzu mun sa allo a ƙofar masallaci, duk Juma'a ana gyara lokutan. Don Allah in kun wuce ku duba, ku gyara wayoyinku, ku kuma gaya wa iyayenmu mata da ke cikin gida. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya yafe mana kurakuranmu.