Motar Mahaifina

A ƙofar gidanmu da ke Wulari, cikin Maiduguri, akwai wata tsohuwar mota fara, Peugeot 504. Irin waɗannan motoci an fara ƙera su a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa su a Kaduna. Tamu ta mahaifina ce. Da ya rasu, sai ta dawo hannuna.

Bara motar ta fara ba ni tsoro. Da zarar na tayar da ita, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, madubi yana karkarwa, ƙofofi suna ƙara. Idan na sa giya, sai in ji wani abu ya buga daga gaba. Ƙannena suka ce injin ya mutu, a sayar da ita. Mahaifiyarmu ba ta ce komai ba, amma na ga ranta bai so ba, domin a cikin motar nan aka kai ta asibiti haihuwar autanmu.

Kafin in yanke shawara, na kai ta wurin wani dattijon bakanike. Ya buɗe gabanta, ya ce in ja birkin hannu, in sa giya ta ɗaya, in saki kuloci a hankali. Da na yi haka, sai injin ya ɗaga gefe guda kamar zai fito.

Na ce, "Baba, injin ya lalace ko?"

Ya ce, "A'a, Malam, lafiyarsa lau. Mazauninsa ne ya mutu."

Ya nuna mini abin da suke kira injin sit: roba mai kauri a tsakanin ƙarfe biyu. A kanta inji yake zaune. Ya bayyana mini cewa ko mota tana tsaye, inji yana juyawa sau ɗaruruwa a minti ɗaya, saboda haka dole ya girgiza. Robar ce take shanye girgizar kafin ta isa jikin mota, kuma ita take riƙe injin a wurinsa. Zafin Maiduguri, wanda yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ya busar da tamu, baƙin mai da ke ɗiga a kanta kuma ya cinye ta. Ƙarfe ya koma yana bugun ƙarfe. Da na ci gaba da tuƙi haka, da salansa ta tsage, ko fanka ta fasa lagireto a tsakiyar hanya.

Ya canja robobin kafin la'asar. Washegari na ɗauki mahaifiyata muka bi hanyar Damaturu. Sitiyari ya natsu, motar ta yi shiru har muna jin maganar juna. Ta dafa kujerar gaba ta ce, "Haka take tafiya a hannun babanku."

Tun daga ranar, ba wanda ya sake maganar sayarwa.