Lokacin da Shanu Ke Kwana a Gonarmu

Da zarar an girbe dawa an kai dammuna rumbu, sai mu fara hangen ƙura daga wajen dajin Kogo. Fulani ne suka taso da garke. A ƙauyenmu da ke tsakanin Faskari da Daudawa, mahaifina kan tare su tun a burtali, ya ce, "Arɗo, bana ma a gonata za ku sauka." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "To Kaɗo, tanadi dawa."

Yarjejeniyar ke nan, ba takarda. Shanu su ci karmami da ragowar kara, su kwana a wurin. Bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har taki ya game gonar. Ladan Arɗo 'yan dammuna ne, mu kuwa yara nono muke sha har cikinmu ya yi ƙirtsitsi. Har yau ina jin warin danyen kashin shanu gauraye da hayaƙin ruga a sanyin asuba.

Akwai wani gawo a tsakiyar gonar, wanda kakana ya hana a sa masa gatari. Itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Dawar da ke gindinsa ta fi kowace kai. Gonar kanta ba abu ɗaya ake zuba mata ba. Gero da dawa, wake a tsakani yana rufe ƙasa yana ƙara mata ƙarfi. In ƙuduji ya yi yawa, a bar wurin saura ya huta.

A 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ya shigo har Ƙanƙara da Faskari. Takin zamani ya zo da araha, masara ta samu shiga. Ba zan yi butulci ba, rumbuna sun cika. Amma a lokacin ne muka fara ganin gawo a matsayin cikas, aka nome burtali, makiyayi ya zama mai ɓarna a idonmu.

Yau buhun taki ya gagari talaka, ƙasa ta gaji, gonakin nesa a Sabuwa da Faskari kuwa tsoron 'yan bindiga ya sa da yawa sun koma daji. Masana na ta wa'azin noman da ke kiyaye ƙasa da itatuwa, abin da kakana ya yi bai san sunansa ba.

Ɗan'uwa manomi, in ka ga tsiron gawo a kunyarka bana, ka ɗaga fartanya ka bar shi.