Takardu a Hannu, Masaƙu a Rufe

Yaron da ya tashi a Kakuri ko Makera, a kudancin garin Kaduna, a shekarun 1980 zuwa 1990 bai taso da tunanin cewa aiki abu ne da ake fita nema a nesa ba. Aiki yana nan ƙofar gida. Ga masaƙar KTL da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, ga Nortex da UNTL da Arewa da suka biyo baya a shekarun 1960. Ga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, can kuma kan hanyar Kachiya ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Da jiniyar canjin aiki ta kaɗa, sai titi ya cika da kekuna, masu fitowa da burbushin auduga a gashin kai, masu shiga riƙe da kwanon abinci. Bahaushe da Gbagyi da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma, kowa da Hausa yake ciniki wajen mai shayi. Inna tana cikin matan da ke kai tuwo da waina bakin ƙofar masaƙa, kuma ba na tuna ranar da ta dawo da ragowa.

Baba a sashen saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun yake. Burinsa a kaina bai taɓa ɓoyuwa ba. Yakan ce, "Ni da ƙarfina na shiga ƙofar nan, kai da iliminka za ka shiga." Shi ya sa da na samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na karanta kimiyyar saƙa da rini, babu wanda ya kai shi murna a layinmu.

Na fara karatu a 2002, shekarar da KTL ta rufe. Na gama a 2007, shekarar da UNTL ta rufe. A tsakanin nan sauran ma sun bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: atamfar Sin mai araha da ake shigowa da ita ta fasa-ƙwauri, rashin wutar lantarki, tsadar baƙin man da ake kunna tukwanen tururi da shi, da injinan da suka tsufa ba a sabunta ba. Dama rikicin addini na shekarar 2000 da na 2002 sun riga sun raba garin, Kogin Kaduna ya zama iyaka, maƙwabta da dama sun kwashe kaya sun haye gada, wasu kuma sun hayo. Mu dai muka zauna a Kakuri. Na dawo daga bautar ƙasa da takardu masu kyau a hannu, na tarar ciyawa ta fito a ƙofofin da aka shirya ni domin su.

Abin mamaki, shekarun neman aikin nan ina tuna su da daɗi, duk da wahalarsu. Da sassafe za ka goge riga ɗaya tilo ta fita, in babu wuta da dutsen guga na gawayi. Ka ɗauki ambulan ruwan ƙasa da ke ɗauke da fotokwafin digiri, takardar gama bautar ƙasa, ta shaidar ƙaramar hukuma da hotuna. Inna takan kwance bakin zane ta ba ni kuɗin mota daga adashinta, ta ce, "Allah ya sa a dace, ɗan nan," alhali ita ma cinikinta ya tafi tare da masaƙu. Ranar Talata mukan taru wajen mai jarida saboda tallace-tallacen guraben aiki na Guardian, mu ba shi ɗan canji mu karanta a tsaye, kowa na kwafar adireshi a bayan takarda. Daga nan sai shagon intanet a Barnawa, inda ake sayen lokaci da awa, shafi na buɗewa a hankali, kai kuma idonka na kan mintocin da ke zurarewa. Wata rana ka hau acaɓa zuwa kamfanonin Kudenda, wata rana bas ta haye da kai gada zuwa ofisoshin cikin gari. Amsar kusan ɗaya ce ko'ina: ajiye takardunka wajen maigadi, za a neme ka.

Abin da ya sa nake kewar lokacin shi ne mutanen. Mun kai mu nawa a kan bencin wani mai shayi a Makera, Musulmi da Kirista, masu digiri da masu babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Wanda ya ji labarin gurbi ba ya ɓoye wa ɗan'uwansa, ko da kuwa tare za su yi takara. Wanda aka kira ganawa, takalmin wani zai ara, taye kuma na wani.

A kan bencin nan maganar digiri na biyu ta fi kowace zafi. Wani na cike fom ɗin tallafin karatu na PTDF yana mafarkin Ingila, wani ya ji Malesiya ta fi sauƙin kuɗi, wani na cewa Zariya ma ta isa. Da yawanmu, in za a faɗi gaskiya, ba bincike ne ke kiranmu ba. Tambayar nan ta "me kake yi yanzu?" da ake jefo maka a kowane suna da ɗaurin aure ita ke korar mutum, domin "ina mastas" amsa ce mai rufe baki. Ban ga laifin kowa ba, zama ba aiki yana cin rai. Ni ma na sayi fom.

Kafin na mayar da shi, Baba ya aike ni wajen wani amininsa, Bajju ne, wanda ya yi shekaru yana shugabantar ma'aikata a sashen rini kafin a rufe. Mu Kawu muke ce masa. Ya buɗe 'yar marina a bayan gidansa a Kurmin Gwari: rabin-rabin duro a kan murhu, igiyoyin shanya, da yara masu taya shi. Yana rina shadda da yadin kayan makaranta. Na gaishe shi, na faɗa masa shirina. Bai ce komai ba, sai ya ciro ƙyalle biyu masu launi iri ɗaya ya jefa a bokitin ruwan sabulu. Ɗaya ya zuba, ɗaya bai zuba ba.

"Ɗana, me ya sa?"

Na yi masa bayani yadda aka koya mana: ɗaya launin ya shiga cikin zare, ɗaya a sama ya tsaya. Ya gyaɗa kai.

"Daidai ne. To gobe ka zo ka yi mini wanda ba ya zuba."

"To, Kawu."

Washegari na zo. Ya sa na auna sinadaran rini, soda da haidiro, da hannuna, na zuba a ruwan zafi, na ga ruwan ya juye zuwa ɗorawa-ɗorawa mai haɗe da kore. Na tsoma yadi, na ciro, ina riƙe da shi iska na dukansa yana komawa shuɗi a kan idona. Na san wannan a littafi, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma ranar na ji warinsa, na ji zafin soda a gefen safar hannu. Kawu ba ya amfani da ma'aunin zafi. Tururin kawai zai duba ya ce a rage itace. Da zaman banza gara aikin kishiya, in ji masu iya magana, sai na ajiye fom na kama zuwa kullum. Abin da yake ba ni bai taka kara ya karya ba, amma na daina karɓar kuɗin Inna, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena.

A marinar nan na samu abin da ban samu a shagon intanet ba. Kullum da yamma mukan tuntsurar da ruwan rini a lambatu, ya bi magudanar Makera ya faɗa Kogin Kaduna. A bakin kogin kuwa 'yan lambu ke ban ruwan alayyafo da latas da rani, waɗanda mu ɗin dai ke saye a kasuwar Kakuri. Abin ya tsaya mini a rai. Manyan masaƙu suna da halin gina wurin tace ruwa, amma ƙaramin marini fa, da me zai tace nasa? Na fara gwaji a kwalabe da garin 'ya'yan zogale da gawayin ɓuntun shinkafa, Kawu na leƙowa yana cewa wannan ya fi wancan washewa.

Da wannan tambayar na koma Zariya digiri na biyu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2013, daga Yuli zuwa Disamba, ya riske ni a tsakiya, sai na dawo Kurmin Gwari na ci gaba da gwajina, domin dama a can aikin yake. Ra'ayina har yau bai sauya ba: wanda ya shiga mastas da tambayar da ta hana shi barci ya fi cin moriyarsa a kan wanda ya shiga don ya huta da tambayar dangi. Na ga abokai masu ƙwazo da suka fito da digiri na biyu suka koma kan benci ɗaya da ambulan ɗaya, takarda guda kawai ta ƙaru a ciki. Na kuma ga waɗanda suka fara koyarwa a 'yar makarantar kuɗi a Sabon Tasha ko Narayi, ko gyaran waya, suka gane inda zuciyarsu take, sannan suka koma karatu suka yi fice.

Yanzu koyarwa nake yi, ina kuma taimaka wa masu ƙananan marina. Kawu ya rasu, Baba ma haka, Allah ya jiƙan magabatanmu. An sake buɗe UNTL a 2010, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba. Abin da ya rage mata shi ne mutanenta: tsofaffin masu kaɗi da saƙa da rini da gyaran inji, waɗanda ke zaune yanzu a Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari, wasu na gadi, wasu na tuƙa keke mai ƙafa uku, da ilimin shekaru talatin a hannunsu. Ina roƙon sassan koyar da saƙa na Zariya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su nemo waɗannan dattawa, su riƙa tura musu ɗalibai, su kuma biya su haƙƙin koyarwa. Kai ma matashin da ke riƙe da fom ɗin mastas a kudancin gada, kafin ka mayar da shi, ka je ka gaishe da ɗayansu, ka nemi ya ba ka aikin gobe.