Wa zai biya kuɗin ceto Tuvalu?

Mu da muka tashi nesa da teku, hamada da zaizayar ƙasa da ambaliyar damina muka sani. Shi ya sa idan aka ce akwai ƙasar da teku ke shirin haɗiyewa ɗungurungum, sai mu ji kamar tatsuniya. To akwai ta, sunanta Tuvalu. Tsibirai tara ne a tsakiyar tekun Fasifik, faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 26 ba, mutanenta kuma kimanin dubu 11, wato ɗaliban babbar jami'a ɗaya a nan sun fi su yawa. Babu wani tudu a ƙasar da ya kai mita biyar sama da teku.

Idan teku ya cika ya tumbatsa a farkon shekara, ruwan gishiri ba ta gaɓa kaɗai yake zuwa musu ba, har ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa. Yana shiga ramukan da suke noma pulaka, wani abinci mai kama da gwaza, ya kashe shi. Ruwan sha kuwa sai na sama da suke tarawa a tankuna. Matasa tsararrakinmu a Funafuti, babban birnin ƙasar, a kan titin saukar jirgin sama suke buga ƙwallo da yamma, don babu fili mai faɗi da ya kai shi.

Tambayar da muka fi ja-in-ja a kanta a tsakaninmu, musamman masu karanta tattalin arziki, ita ce: wa zai biya kuɗin kare irin wannan wuri? Ɗan kasuwa zai zuba jari a wutar sola, domin akwai mai sayen wutar. Amma shingen da ke tare igiyar ruwa ba ya kawo ko sisi. Ribarsa ita ce gidan da bai rushe ba da makarantar da ba a rufe ba, kuma babu bankin da ke karɓar wannan a matsayin biya. Saboda haka aikin ya koma kan kuɗin hukuma. Ita kuma gwamnatin Tuvalu, da ke dogara da lasisin kamun kifi da tallafi da hayar adireshinta na intanet mai ƙarewa da .tv, ba ta da wannan ƙarfin.

A nan asusun GCF ya shigo. A taron Cancun na 2010 ƙasashen duniya suka kafa shi don tallafa wa ƙasashe masu tasowa kan sauyin yanayi, hedikwatarsa na Koriya ta Kudu. A 2016 ya amince da dala miliyan 36 don kare gaɓar tsibiran Funafuti da Nanumea da Nanumaga, kyauta ba rance ba, gwamnatin Tuvalu ta ƙara kusan miliyan uku, hukumar UNDP ta riƙe aikin. A Funafuti an yaso yashi daga cikin ruwa aka cike gaɓa, aka samar da sabuwar ƙasa mai hekta bakwai da ɗoriya, wadda aka ɗaga ta yadda za ta tsira daga hawan teku har bayan shekarar 2100. Wani abin da ya burge mu shi ne, an ware wani kaso don tura 'yan ƙasar karatu, saboda gobe su kula da gaɓarsu da kansu.

Sai dai akwai abu biyu da ke damun mu. Na farko jinkiri. An yi wajen shekara shida tsakanin amincewa da kuɗin da fara zuba yashi. Bincike da awo wajibi ne, annobar korona ma ta rufe iyakoki, amma teku bai dakata ya jira takarda ba. Ƙaramar ƙasa mai ma'aikata ƙalilan ana neman ta cika sharuɗɗa iri ɗaya da ƙasa mai miliyoyin mutane.

Na biyu rance. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Sai a 2022 aka cika, a lissafin ƙungiyar OECD, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatocin da ke ciki bashi ne. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wani ne ya ɗebo, bakin wani ke ƙuna. Hayaƙin da Tuvalu ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. A ba ta bashi ta gina shinge daidai yake da a ƙona wa mutum rumbu, sannan a ranta masa hatsi da kuɗin ruwa.

Idan kuɗin bai zo da wuri ba, hanyar da ta rage ita ce hijira. A 2023 Tuvalu ta ƙulla yarjejeniya da Ostareliya da ke bai wa mutum 280 damar komawa can duk shekara, kuma da aka buɗe rajista a 2025 dubbai ne suka nema. Ba mu ga laifinsu ba. Amma wanda ya tafi ba zai ɗauki kabarin kakansa ko ramin pulakarsa a jaka ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin ƙofar da Tuvalu ke ƙwanƙwasawa ita ce Najeriya da Nijar ke ƙwanƙwasawa. Wanda ya ga Maiduguri a watan Satumbar 2024 ya san tsadar gyaran da ba a yi a kan lokaci ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka duk lokacin da muka ji an sanar da wasu miliyoyi na sauyin yanayi, mu koyi yin tambaya uku: kyauta ne ko rance? Yaushe zai iso? Wa zai riƙe aikin bayan baƙi sun tafi? Wasu daga cikinmu ne za su zauna a teburin da ake sa hannu nan da shekara goma, gara mu fara saba wa bakinmu da waɗannan tambayoyi tun muna aji.