Kwana Biyu a Yankari da Kuɗin Asusu

Ranar da muka koma makaranta bayan dogon hutun bara, malamarmu ta ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Wani ya rubuta Abuja, wata ta rubuta Umara. Ni kuwa na daɗe ina jujjuya biro, domin tun da aka ba da hutu har aka dawo ban wuce shagon ɗinkin Baba da filin ƙwallon unguwarmu ba. Da na koma gida na ba da labari, sai Baba ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce, "To ai ga Yankari nan a bayan gidanku. Mutane na hawo jirgi daga Turai su zo, ku da aka haifa a Bauchi ba ku taɓa leƙawa ba. Ni kaina ban taɓa ba."

Umma ta ce, "Malam, wannan ai wurin masu kuɗi ne. Kada ka sa wa yara rai."

Baba bai yi musu ba. Washegari ya shigo da asusun katako da wani kafinta ya buga masa, ya ajiye a kan kabad. Ya ce da yayyafi kogi kan cika, kowa ya riƙa jefa abin da ya samu, ba za a fasa ba sai ƙarshen Disamba. Ni nakan rage naira 100 daga kuɗin tara. Ƙanwata ta riƙa jefa ribar alawar madarar da take yi. Auta, ɗan shekara shida, ya jefa har da murfin kwalba, ya ce nasa na ganin giwa ne. Umma da ta ce ba ruwanta, sau biyu na gan ta tana tura kuɗi a ɓoye.

Da aka fasa asusu, kuɗin bai kai yadda muka yi zato ba, don haka sai aka shiga dabara. Baba ya fara tambayar farashin shiga da na ɗaki da na motar zagaya daji, ya rubuta a bayan littafin awo. Muka kauce wa ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da ƙarshen mako, lokacin da jama'a ke cika wurin, muka zaɓi Talata zuwa Alhamis a farkon Janairu, kafin a koma makaranta. Muka haɗa kai da maƙwabcinmu mai motar haya da iyalinsa, aka raba kuɗin mai biyu. Umma ta soya miya, ta yi dambun nama da cincin, aka ɗauki garin kwaki da ƙuli-ƙuli da biredi da ruwan sha. Ni da ƙanwata muka sa katin shaidar makaranta a aljihu, saboda kuɗin shigar ɗalibi bai kai na babba ba.

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba, muka ɗauki hanyar Gombe. A Dindima muka haye gadar kogin Gongola, muka karya kwana zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Na ɗauka mun iso. Ashe daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40, duk a cikin daji. Babu gona, babu gida, babu mai tallar rake, sai itatuwa da busasshiyar ciyawa da zabin daji masu tsallake titi kamar na gadonsu. A nan na fara fahimtar girman wurin: murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006.

Sansanin Wikki kamar ƙaramin ƙauye yake a tsakiyar daji. Akwai ɗakuna iri-iri, daga na manyan baƙi har zuwa ɗakin kwanan ɗalibai mai jerin gadaje, akwai wurin cin abinci da gidan adana kayan tarihi. Mu dai muka kama mafi sauƙin kuɗi, maza a ɗaya, mata a ɗaya. Muna sauke kaya sai ga gadu, wato mugun dawa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo dab da motarmu, ko kallonmu bai yi ba.

Masu gidan na gaskiya su ne gwaggon biri. Ma'aikacin da ya ba mu makulli ya ja mana kunne cewa kada mu bar ƙofa a buɗe, kada mu riƙe leda a fili, kada kuma mu ba su abinci. Ni na ji, amma ban ɗauka da zafi ba. Na ajiye ledar biredi a kan but ɗin mota, na juya in ɗauki jarka. Kafin in waiwayo, wani ƙato ya sure ta, ya hau rufin ɗaki, ya zauna ya yage ledar kamar shi ya saya. Biredin kwana biyu ya tafi a minti ɗaya. Umma ta ce, "Yayansu, gobe kai za ka karya da kwaki." Haka kuwa aka yi.

Da yamma muka gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi, ya miƙe kamar tsawon mita 200 a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, kafin ya wuce zuwa kogin Gaji. Garau yake, har kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Abin mamakin shi ne ɗuminsa: digiri 31 a ma'aunin Selshiyos, dare da rana, damina da rani. Ga hunturu na kaɗawa, leɓe ya tsage, amma kana shiga sai ka ji kamar Umma ce ta sirka maka ruwan wanka. Dalilin a darasinmu na labarin ƙasa yake. Ruwan sama ne ke tsiyaya can cikin dutsen yashi, zafin cikin ƙasa ya ɗumama shi, sannan ya sami tsaga ya fito. Mun karanta a aji, amma sai da na tsaya a ciki na yarda. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa, inda ruwan bai wuce ƙugu ba. Su Umma suka zaɓi sassafe, lokacin da ba kowa.

Safiyar Laraba muka shiga motar zagaya daji tare da ɗan jagora. Ba a yarda baƙo ya kutsa daji shi kaɗai ba, kuma ba a sauka daga mota sai inda aka ce a sauka. Mun ga gwambaza tsaye a bakin fadama, mun ga mazo, mun ga garken ɓauna daga nesa, mun ga burtu yana takawa kamar mai zuwa fada. Ɗan jagoran ya ce an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 350 a gandun. Ya kai mu kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka shuɗe suka fafe a jikin dutse. Ya kuma ba mu labarin rijiyoyin Dukkey, sama da 100, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyan da aka narka tama a cikinsu. Wato wannan dajin da muke gani babu kowa, a da gari ne na maƙera da mafarauta.

Amma giwa, ko ɗaya. Abin da muka gani kashinta ne tuli a kan hanya, da sawu mai faɗin faranti, da bishiyar da ta karya. Auta ya yi shiru har muka dawo, sannan ya fashe da kuka. Ya ce shi kuɗin giwa ya tara.

Da daddare Baba ya zazzage abin da ya rage a kan gado. Ya ware kuɗin man komawa. Sauran ya isa abu ɗaya cikin biyu: ko mu ci abincin dare a wurin cin abinci kamar sauran baƙi, abin da ya yi wa Umma alkawari tun daga gida, ko mu sake biyan motar zagaye da sassafe, ba tare da tabbacin ganin komai ba. Ya dubi Umma. Ta ce, "Malam, shinkafa akwai ta a Bauchi." Muka jiƙa kwaki muka kwanta.

Sanyin asubar nan har cikin ƙashi. Mun yi fiye da awa guda muna bin gefen kogin Gaji, ƙudan tsando na cizonmu, har na fara jin kunyar haɗa ido da Baba. Can sai ɗan jagoran ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Da farko ƙarar karyewar reshe muka ji. Sannan abin da na ɗauka dutse ne ya motsa kunne. Giwaye ne, suna tsallake hanya ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙarami a tsakiyarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk girman nan ba ka jin takunsu. Ba su yi minti uku ba suka shige duhuwa. Auta bai ce uffan ba, ya dai damƙe hannun Baba. Da na duba, Baba ma bakinsa a buɗe yake.

A hanyar dawowa ɗan jagoran ya gaya mana dalilin da ya sa ganinsu ke wuya. Garken Yankari na cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya, kuma zaki ma a nan da gandun Kainji kaɗai ya rage a ƙasar. Masu farautar haure sun yi musu ɓarna, ga giwa kuma sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda, don haka wadda aka kashe ba ta saurin samun magaji. A ɗaya gefen, idan suka fita gandun sukan cinye gonar manomi a dare ɗaya, shi ma da iyalinsa. Shi ya sa aka sanya wa wasu daga cikinsu abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, don a san inda suka nufa. Masu gadin dajin kuma sukan yi kwanaki suna sintiri a ƙafa. Ashe kuɗin da muka biya a ƙofa ba na kallo kaɗai ba ne.

Ga wanda ke son gwadawa, rani ne lokacin zuwa, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin ruwa. A tambayi farashi kafin a tashi, domin yana canzawa. A tafi da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, da tocila, da gidan sauro, da leda ta kwashe shara. Idan gida ba hali, ku yi wa malaminku na labarin ƙasa ko na kimiyyar halittu magana, ajinku ya yi asusu, a ɗauki bas guda. Idan an raba kuɗin mota da na zagaye tsakanin mutum talatin, nauyin kowa kaɗan ne.

Mun iso gida Alhamis da la'asar, aljihun Baba babu ko sisi, jikinmu duk cizon ƙuda. Da daddare na ji ƙarar guduma a tsakar gida. Baba ne ke mayar da murfin asusu. Auta na tsaye a kansa da naira 50 a hannu, ya ce wannan karon na zaki ne.