Jarrabawa daga rumbu take farawa

Ni mazaunin Tasawa ne, gidana bai da nisa da kwalej. Shekara da shekaru ke nan ina sauke ƴan makaranta da suka zo daga ƙauye. Wasu ɗiyan dangi ne, wasu ɗiyan abokai. Na ga waɗanda suka ci jarrabawa, na ga waɗanda suka faɗi. Abin da na gani shi zan faɗa muku, tunda yanzu kun iya karatu da kanku.

Karatun kwalej shekara 4 ne. Ajin farko shi ne siziyam, na ƙarshe turwaziyam. A ƙarshen turwaziyam ake yin jarrabawar BEPC. Tambaya ɗaya ake yi wa kowa a ƙasa duka. Abin da aka tambayi ɗan Yamai, shi ake tambayar ɗan Mayahi da ɗan Tanut da ɗan Madawa. Mai gyaran takarda ba ya tambaya ko yaro ya ci tuwo jiya. Wanda ya ci jarrabawa yana iya shiga lise, ya yi shekara 3, ko ya shiga makarantar koyon sana'a. Wanda ya faɗi sai ya maimaita aji, in an ba shi dama.

Ana komawa makaranta a watan Oktoba. Lokacin nan ne muke cikin girbi da ɗaurin damma da cirar gujiya. Uba ya ce wa yaro: "Tsaya mu kai hatsi gida tukuna." Yaro ya iso kwalej a Nuwamba. Malamin lissafi ya riga ya yi nisa, ba zai koma baya ba. Lissafi kamar ginin rumbu yake, in ƙasa ba ta zauna ba, sama ba ta tsayawa. Wata ɗayan nan da aka ci a gona, a watan Yuni ake biyan bashinsa. In da hali, a nemi gayya a yi girbi, a saki yaro ya tafi ran da aka buɗe.

Sai maganar cimaka. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da yawa iyaye suna kawo yaro da buhu guda a Oktoba, ba a sake ganinsu sai hutu. Buhun yana ƙarewa tun sanyi bai wuce ba. Mai masauki yana da nasa iyali, shi ma awo yake yi. Yaro yana jin kunya ya ce yana jin yunwa. Sai ya fara zuwa tasha yana dako, ko ya tura kurar ruwa da maraice don ya samu dala ashirin na ƙosai. Wanda ya tura kura har isha ba ya buɗe littafi.

Ga shawarata. Ranar da kuke zuba damma a rumbu, ku ware na ɗan makaranta kamar yadda kuke ware iri. Ku ƙirga tiya nawa yake ci a wata, ku ninka sau 9, daga Oktoba zuwa Yuni. Kada ku kawo duka tashi ɗaya. Ku riƙa aikowa wata-wata ranar kasuwa, da ɗan wake da kuka da sabulu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne na Afrilu da Mayu da Yuni. Lokacin nan hatsi ya yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, kuma lokacin nan ne yaro ya fi bukatar ƙarfi.

Shekarar kwalej kashi 2 ce. A ƙarshen kowane kashi ana yin babbar jarrabawar aji, a rubuta sakamako a takarda. Ku nemi takardar nan, ku riƙe ta da hannunku. Da faransanci aka rubuta ta, amma lamba lamba ce, kun koye ta a makarantar yaƙi da jahilci. Kowane darasi a kan 20 ake auna shi. Rabi shi ne 10. Wanda ya kai 10 ya tsira, wanda ke ƙasa da 10 yana cikin haɗari. Wasu darussa sun fi wasu nauyi, kamar lissafi da faransanci, ana ninka makinsu. Misali, in ana ninka darasi sau 3, yaro ya rasa maki 2, to 6 ya rasa. In kun ga 6 ko 7 a takardar kashin farko, kada ku ɗauki bulala. Ku je wurin darakta ko malamin darasin, ku tambaye shi inda gyara yake. Akwai sauran watanni. Ku halarci taron ƙungiyar iyayen ƴan makaranta, can ake faɗin ranakun jarrabawa da abin da za a biya.

Takardar haihuwa ita ma tana kayar da yara tun ba su zauna jarrabawa ba. Ba a rubuta sunan yaro a BEPC sai da ita. Dokar da aka yi a 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Wanda ya bar lokacin ya wuce, sai ya bi ta hannun alƙali, da shaidu, da tafiya, da kashe kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana siziyam ku fiddo takardarsa ku duba. Ku karanta sunansa da sunan ubansa harafi-harafi, da shekarar haihuwa. Ku gwada da abin da ke rubuce a makaranta. In sun saɓa, a gyara tun da wuri.

Bayan kaka samari suna tafiya cin rani. Su dawo da salula da sabon takalmi. Ɗan turwaziyam ya duba wandonsa mai faci, zuciyarsa ta tashi. Nan ne yake bukatar maganar ubansa. Ku ce masa: "Ɗana, Kano tana nan, Agadas tana nan, ba inda za su. Ka gama wata 9 ɗin nan tukuna."

Ɗiya mace nata nauyin ya fi. In ta taso daga makaranta ga daka, ga rijiya, ga talla, ga goyon ƙane. A gidana na sa doka: daga magariba zuwa bayan isha ba mai aiken ƴar makaranta. Iyaye mata, ku yi haka a gidajenku. In mai neman aure ya zo tana turwaziyam, ku ce ya jira. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare ɗiya mace da ke makaranta. Amma doka tana Yamai, uwa ce ke cikin gida. Malamar asibitin da kuke so ta karɓi haihuwar matanku, ta wannan jarrabawa ta bi.

In Afrilu ya kama, zafi ba ya barin karatun rana. Karatun asuba ya fi zama a kai. Ku saya wa yaro fitila mai aiki da hasken rana, kuɗinta bai kai na tunkiya ba. Yara 3 ko 4 su haɗu, su nemi tambayoyin shekarun baya wurin malamai, su yi ta gwadawa da agogo a gabansu. Ku yi hankali da masu cewa suna da takardar jarrabawa ta sayarwa. Mazambata ne. Yaron da aka kama da satar amsa ko da salula a ɗakin jarrabawa, korarsa ake yi, wahalar shekara 4 ta tafi banza.

Jarrabawar tana zuwa ne a farkon damina. Yaro ya je tun ana gobe ya ga makarantar da zai zauna, ya nemi lambar teburinsa. Ya tanadi katinsa da bik 2 da kayan awon lissafi. Ya kwanta da wuri, ya sha kunu da safe kafin ya fita.

Akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba. In an faɗi sakamako, kashi 3 ake yi: waɗanda suka ci, waɗanda suka faɗi, da waɗanda suka kusa. Waɗanda suka kusa ana ba su zagaye na biyu nan da nan. Wata shekara wani yaro da ke gidana ya gama zagayen farko. Daren nan aka yi ruwan shuka. Da safe wansa ya zo da babur, ya ce baba yana kira. Na roƙe shi ya bari a faɗi sakamako, ya ce gona ba ta jira. Da aka karanta sunaye, yaron yana cikin masu zagaye na biyu. Muka yi ta kiran salula, ba ta shiga a ƙauyensu. Kafin saƙo ya kai, an gama. Yaron nan bai sake komawa aji ba. Yau in ya shigo gari yana zuwa gaishe ni, ba ma tada maganar.

Don haka ku bar yaro a gari har a faɗi sakamako na ƙarshe. Shukar kwana 2 maƙwabci yana iya taya ku. In ya ci, ku gode wa Allah. In ya faɗi, kada ku zage shi a gaban jama'a. Manomin da fari ya cinye gonarsa bana ba ya sayar da hauya. Ku je makaranta ku tambayi yadda zai maimaita.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da ke da ɗa a kwalej. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.